Lambun Bayan Gida a Fitar Sanyi: Yadda Nake Yin Nawa

Duk shekara, a makon da na lura na daina jawo bargo da asuba, nakan fita bayan gida in durƙusa a gefen fangalina na farko, in cusa hannu cikin ƙasa har wuyan hannu. Idan ta yi mini sanyi irin na ruwan randa, sai in tashi in karkaɗe gwiwa in ba ta mako guda. Idan kuwa na ji ta da ɗan ɗumi, ta kuma wargaje a tafina ba ta manne ba, to aiki ya zo. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina haka. A cikin kayan aikin da na tara, fartanya da manjagara da butar ban ruwa, babu wanda nake dogara da shi kamar wannan hannun, kuma abin da nake so ka koya ke nan kafin komai.

Lokacin da nake nufi shi ne gaɓar da sanyi ya juya baya, yini ya fara tsawo, zafi mai tsanani kuma bai kankama ba. A arewacin duniya yakan faɗo tsakanin Maris da Mayu, a kudancinta kuma tsakanin Satumba da Nuwamba. Sai dai kalanda ba ta san bayan gidanka ba. Gida biyu a layi ɗaya, ƙasar wani takan riga ta wani ɗumi da kwanaki masu yawa, saboda katanga ko inuwar bishiya ko irin ƙasar kanta.

Wuri

Kafin ka sari ƙasa, ka ba da yini guda ga kallon rana. Fita da hantsi, da tsakar rana, da la'asar, kana lura da inda haske ya sauka da inda inuwa ta kwanta. Duk abin da ake ci don 'ya'yansa, irin tumatir, tattasai, kuɓewa, kokwamba da wake, yana son rana ta awa 6 zuwa 8. Ganye, kamar latas da alayyahu, yakan yi haƙuri da awa 4. Ka kula da bishiyar da ta kaɗe ganye a lokacin sanyi. Yau ƙarƙashinta tarwai, nan da wata guda ta yi lif ta rufe maka rabin lambu, jijiyoyinta kuma suna ƙarƙashi suna shan ruwan da kake zubawa.

Lambun ya kasance kusa da ruwa, kuma inda idonka ke faɗawa kullum. Wanda ke can lungun da sai an yi niyya ake zuwa, shi ne ciyawa ke cinyewa.

Ka fara da kaɗan, wannan roƙonka nake yi. Fangali ɗaya ko biyu, faɗin santimita 120, tsawon mita 3, sun isa shekarar farko. Faɗin nan da dalili: daga kowane gefe hannunka zai kai tsakiya ba tare da ka taka ƙasar ba, domin takawa na danne ta, ta hana jijiya iska. Bar hanya ta rabin mita tsakanin fangali da fangali. Dogayen shuke-shuke ka sa su a gefen da inuwarsu ba za ta faɗa kan gajeru ba. In babu fili ko kaɗan, bokiti mai cin lita 20 da aka huhhuda gindinsa yana ɗaukar tumatir ɗaya lafiya lau, kuma tsohon baho ya ishi latas.

Ƙasa, inda rabin aikin yake

Ɗebi ƙasa cikin tafi daga zurfin ɗani guda, wato daga babban yatsa zuwa na tsakiya in ka ware su, ka dunƙule ta. Idan ruwa ya tsattsafo, ko curin ya zauna kamar na mai ginin tukunya, to ta yi jiƙa da yawa, kada ka taɓa ta. Laka idan aka kafce ta da danshi takan bushe ta zama hoge mai tauri, ka kwashe damina guda kana fama da shi. Idan ka dungure curin da yatsa ya farfashe, ta yi daidai.

Don sanin irin ƙasarka, sami kwalba mai haske ka cika kashi ɗaya cikin uku da ƙasa, ka ƙarasa da ruwa, ka girgiza sosai ka ajiye. Yashi zai kwanta cikin minti ɗaya ko biyu. Lallausan turɓaya zai biyo baya cikin 'yan awoyi. Laka kuwa sai ta kwana ɗaya ko biyu kafin ta sauka. Za ka ga su hawa uku, ka san wanda ya fi yawa. Sannan haƙa rami mai zurfin santimita 30, cika shi da ruwa ka bari ya tsotse, ka sake cikawa. Idan ruwan na biyu yana raguwa da santimita 3 zuwa 5 a awa, madalla. Idan ya kwana yana kallonka, sai ka ɗaga fangalinka ya yi tudu kamar santimita 20 sama da hanya, don jijiyar da ta zauna cikin ruwa ruɓewa take yi.

Abin da ya fi burge ni a harkar ƙasa shi ne, ko yashi ya yi yawa ko laka, maganin ɗaya ne: ruɓaɓɓen taki. A yashi yana riƙe ruwa kamar soso, a laka yana buɗe ƙofofin iska. Shimfiɗa kaurin santimita 5 zuwa 8 a kan fangali, ka gauraya shi da santimita 20 na sama. Kada ka ce za ka gyara laka da 'yan kwanonin yashi. Kaɗan ɗin da za ka iya zubawa ba ya sassauta ta, wani lokacin ma sai ta ƙara ƙanƙamewa kamar tubali.

Takin nan kai ma za ka iya haɗa shi a kusurwar gida. Busassun abubuwa, wato ganyen da ya kaɗe, kara, ƙaiƙayi da yagaggen kwali, kashi biyu zuwa uku. Ɗanyu, wato ɓawon kayan lambu, ɗanyar ciyawar da ba ta yi iri ba da kashin dabbobi masu cin ciyawa, kashi ɗaya. Ka jera su hawa-hawa, ka yayyafa ruwa har ya yi danshin tsumman da aka matse. Tulin da ya kai mita ɗaya a tsawo da faɗi yakan ɗau zafi cikin kwana uku ko huɗu, har cikinsa ya kai digiri 55 zuwa 65 a ma'aunin Salshiyas, zafin da ke kashe yawancin irin ciyawa da ƙwayoyin cuta. Juya shi duk mako ɗaya ko biyu. Nama, mai, da kashin kare ko kyanwa ba sa shiga. Ya nuna idan ya yi baƙi, ya huce, ba ka gane abin da ka zuba, kuma yana ƙamshin ƙasar da aka yi wa ruwan farko.

A shekarata ta biyu na sami buhun kashin kaji sabo, na zuba shi a gindin tattasai goma sha biyu da na dasa kwana huɗu kafin nan. Kafin mako ya zagayo gefen ganyen ya ƙone kamar an kara shi a wuta, tara suka mutu. Wani dattijo maƙwabcina, wanda ya daɗe yana lambu tun kafin a haife ni, ya leƙo ta katanga. Na ce, "Baba, ko cuta ce ta kama su?" Ya zagayo ya tona gindin ɗaya da yatsa, ya sunsuna, ya ce, "Ɗana, ba cuta ba ce. Abincin ne ka ba su da zafinsa. Taki sai ya huce." Gaskiyarsa. Sabon kashin kaji cike yake da gishiri da sinadarin amoniya, su ne ke ƙona jijiya. Ban da ƙuna, ɗanyen kashi na ɗauke da ƙwayoyin cutar da ke ɓata cikin mutum. Dokar noman da ba a sa masa sinadarai a Amurka ta gindaya kwana 120 tsakanin zuba ɗanyen kashi da girbin abin da ke taɓa ƙasa, kamar karas da latas, da kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa. Ni dai tun daga ranar ban ƙara zuba kashin da bai yi wata huɗu a tuli ba.

Yawancin kayan lambu sun fi son ƙasar da tsaminta ke tsakanin 6 da 7 a ma'aunin pH. Tokar itace na rage tsami, tana kuma ɗauke da sinadarin fotasiyam, amma tana da ƙarfi. Cikin tafi ɗaya a kowace murabba'in mita, sau ɗaya a shekara, ya isa. In ƙasarka dama mai kanwa-kanwa ce, wadda ke yin fari-fari in ta bushe, bar tokar gaba ɗaya.

Iri: masu son sanyi da masu son zafi

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya shuka komai rana ɗaya. Kayan lambu gida biyu ne, kuma kowanne yana tafe da halin ƙasar da ya fito. Latas da kabeji daga yankin tekun Bahar Rum suke, karas daga tsakiyar Asiya wajen Afganistan. Waɗannan, tare da albasa da fis, wato koren waken turawa mai zagayayyar ƙwaya, suna tsirowa tun ƙasa na digiri 7 zuwa 10, kuma gudun zafi suke yi. Irin latas ma idan ƙasa ta kusa digiri 30 yakan yi barci ya ƙi fitowa. Su ne na farko, ka yi sauri da su tun sanyi bai gama tafiya ba.

Tumatir kuwa asalinsa tsaunukan Andis ne a Kudancin Amurka, a Meziko aka mai da shi abin nomawa, tattasai da barkono ma daga can ɓangaren suka zo. Kuɓewa 'yar ƙasashe masu zafi ce. Wake na son ƙasa ta kai digiri 15 ko fiye, kokwamba 18 zuwa 20, tumatir ya fi tsirowa tsakanin 21 da 27, tattasai da kuɓewa kuma sun fi kowa son ɗumi, 25 zuwa 30. Irin kuɓewa a ƙasa mai sanyi da danshi ruɓewa yake yi. In kana inda raɓa ke daskarewa da dare, kada ɗaya daga cikin waɗannan ya kwana a waje sai wannan haɗarin ya wuce, domin dare ɗaya ya isa ya mai da su baƙi. Tambayi wanda ya daɗe yana shuka a kusa da kai yaushe ne sanyin ƙarshe ke faɗowa, da ɗan gari akan ci gari. Ma'aunin zafin ƙasa na da amfani in kana da shi: soka shi zurfin santimita 5 da safe, kwana uku a jere. In babu, hannunka na nan. Ƙasar da ba za ka iya barin tafinka a cikinta minti guda cikin jin daɗi ba, ba ta isa karɓar kuɓewa ba.

Tsohon iri kuma gwada shi kafin ka ɓata masa wuri. Ƙirga ƙwaya goma, naɗe su a jiƙaƙƙen ƙyalle, sa a leda, ajiye a wuri mai ɗumi. Bayan kwana 7 zuwa 10 ka buɗe. Takwas sun tsaga, iri na da rai. Biyar, ka ninka yawan da za ka shuka. Ƙasa da haka, nemi sabo. Irin albasa da ƙyar yake wuce shekara guda, na tattasai shekara biyu zuwa uku, na tumatir kuwa yakan kai huɗu ko biyar in an adana shi a busasshen wuri mai sanyi. Idan ka ga an rubuta F1 a jikin takardar iri, aure ne aka haɗa tsakanin iri biyu. Yana yin kyau, amma 'ya'yansa ba sa gado shi daidai, don haka kada ka ajiye irinsa don baɗi.

Reno da dashe

Tumatir, tattasai, yalo da kabeji renonsu ake yi kafin a kai su fangali. Tumatir mako 6 zuwa 8 kafin ranar dashe, tattasai 8 zuwa 10 don shi mai nawa ne, yakan yi mako biyu ko uku kafin ma ya leƙo. Nakan yi amfani da ƙananan kofuna da aka huda, in cika su da tankaɗaɗɗen taki da yashi mai laushi. Ƙwaya biyu a kowane kofi, in duk sun fito in datse mai raunin da almakashi, ba na tuge shi don kada ya girgiza jijiyar ɗan'uwansa.

Abu biyu ke kashe reno. Na farko ƙarancin haske: tsiron ya yi zalalau, fari-fari, yana karkata wajen taga. Da zarar ya fito yana buƙatar haske mai ƙarfi yawancin yini. Na biyu yawan ruwa. Za ka kwanta ka bar su tsaye cas, da safe ka tarar sun zube, in ka duba gindin ka ga ya sirance kamar zare, ya yi ruwa-ruwa. Wani nau'in funfuna ne da ke zaune a ƙasa, kuma danshi da rashin iska ke ba shi ƙarfi. Wanda ya faɗi ya tafi, ba ya tashi. Abin yi shi ne tsabtace kofuna, a bar saman ƙasa ya ɗan sha iska kafin a ƙara ruwa, a kuma ajiye su inda iska ke ratsawa.

Kada ka ɗauko tsiron da ya tashi a inuwa ka dasa shi a tsakiyar rana kai tsaye. Ganyensa bai yi kauri ba, zai yi fari ya ƙone. Ka saba masa cikin kwana 7 zuwa 10: ranar farko awa ɗaya ko biyu a waje cikin inuwa, washegari a ƙara, har ya iya yini ya kuma kwana. Wannan matakin ne mutane suka fi tsallakewa, kuma shi ne ke raba dashen da ya kama nan take da wanda ya yi mako uku yana jinya.

Ina dashe da yamma, bayan rana ta yi sanyi. Nakan shayar da kofunan awa guda kafin nan don ƙasar ta fito a dunƙule. A kama tsiro ta ganye ko ta curin ƙasar, ban da kara, domin ganye in ya yage wani zai fito, kara in ya murje shi ke nan. Tumatir yana da wata baiwa: duk inda karansa ya shiga ƙasa jijiya yake fitarwa. Don haka nakan tsinke ganyen ƙasa in binne kashi biyu cikin uku na tsawonsa, kan kawai ya rage a waje. Yakan zama kamar an mai da shi baya, amma bayan mako biyu sai ya wuce wanda aka dasa sama-sama. Tattasai da kabeji kuwa iya zurfin da suke a kofi, ko a ɗan ƙara kaɗan.

Tazara da hannu nake aunawa. Tumatir kamu ɗaya da 'yan yatsu, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, wato santimita 50 zuwa 60. Tattasai da kabeji kamu ɗaya cif, kamar 45. Kuɓewa 30 zuwa 45, latas 25 zuwa 30, albasa 10. Ranar dashe fangalin zai yi kamar fanko, zuciyarka za ta ce ƙara wasu a tsakani. Kada ka biye mata. Cunkoso na hana iska, ganye ya kasa bushewa, cuta ta samu wurin zama. Sandar tumatir kuma a ranar nake kafa ta, mai tsawon mita ɗaya da rabi ko fiye, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma in ka bari sai ya girma sandar za ta tsinka jijiya. A ɗaure da tsumma mai laushi, sako-sako.

Masu ƙin dashe

Karas, wake, kuɓewa, kokwamba da kabewa ba sa son a taɓa jijiyarsu, a inda za su zauna ake shuka su. Zurfin rami ninki biyu zuwa uku na kaurin ƙwayar. Wake gaɓar yatsa ɗaya, kuɓewa ƙasa da haka kaɗan, kuma in ka jiƙa ta kwana guda takan fi saurin fitowa. Alayyahu da latas barbaɗawa ake yi a danna da tafi.

Karas shi ne mai gwada haƙuri. Irinsa ƙanƙane ne, yana ɗaukar mako biyu zuwa uku, kuma in saman ƙasa ya bushe sau ɗaya a tsakani an yi asara. Nakan gauraya irin da busasshen yashi don ya bazu, in ja layi marar zurfi, in rufe da tankaɗaɗɗen taki, sannan in shimfiɗa jiƙaƙƙen buhun algarara a kai. Kullum da safe in ɗaga gefe in leƙa. Ranar da na ga koren zare-zare, sai in yaye buhun. In sun kai tsawon yatsa sai cira, a bar santimita 5 tsakaninsu. Cira na da ciwo, kana tuge abin da ka yi mako uku kana jira. Amma karas goma a wurin da zai ɗauki uku ba za su ba ka komai ba sai saiwa kamar tsinke. Kuma kada ka sa masa sabon taki ko ka bar tsakuwa, su ne ke sa shi yin ƙafa biyu.

Ruwa

Ƙa'idar da aka saba ita ce milimita 25 a mako, wato lita 25 a kowace murabba'in mita, har da na sama in ya sauka. Fangali irin nawa na cin kusan lita 90 a mako, a ƙasar yashi ko in zafi ya taso ya fi haka. Amma kafin in ɗauki buta sai na soka yatsa har gaɓa ta biyu. In akwai danshi a can, na bar shi sai gobe. Shayarwa mai zurfi sau biyu ko uku a mako ta fi yayyafin kullum, domin jijiya ruwa take bi. In ruwan a sama yake tsayawa, a sama za ta zauna, rana ɗaya mai zafi ta kwantar da shukar. Sabon tsiro da sabon dashe ne kawai ke son kaɗan-kaɗan kullum har su kama.

Da safe ake ba da ruwa, a gindi, ba a kan ganye ba. Yaushin tsakar rana kada ya ruɗe ka, kabewa da kokwamba sukan saki ganye da rana su miƙe da yamma. Yaushin da ya kwana har safiya shi ne abin dubawa, kuma wani lokacin yawan ruwa ne ya jawo shi.

Idan ƙasa ta yi ɗumi, tsirrai kuma sun kai ɗani guda, sai in rufe fangalin da busasshiyar ciyawa ko ganye, kaurin santimita 5 zuwa 8, in bar ɗan fili a zagayen kara. Rufin nan na riƙe danshi, yana danne ciyawa, yana hana ruwa fantsamo ƙasa mai cuta kan ganye, kuma in ka ɗaga shi bayan wata guda za ka tarar da tana a ƙarƙashi tana yi maka kaftu. Yana kuma maganin wani abu da ke ɓata wa masu tumatir rai, wato baƙin tabon da ke fitowa a gindin 'ya'yan. Ba tsutsa ba ce. Sinadarin kalsiyam ne bai isa wurin ba, kuma yawanci yana nan a ƙasa, ruwan da zai ɗauke shi ne ke zuwa yau da yawa gobe babu. Ka daidaita ban ruwa, 'ya'yan da za su biyo baya za su fito lafiya.

Ƙarin taki da kwari

In ka gyara ƙasa da kyau, ƙari kaɗan ne. Lambobi ukun da ke jikin buhun takin zamani, kamar 15-15-15, suna nufin naitirojin, fosfaras da fotasiyam. Na farkon shi ne mai ganye. Alayyahu da kabeji na son sa, amma in ya yi wa tumatir yawa za ka sami kurmi kore shar babu 'ya'ya. Ni nakan zagaya gindin tumatir da tattasai da tafi biyu na ruɓaɓɓen taki idan sun fara fure. In na zamani za ka sa, ƙaramin cokali ɗaya, nesa da kara da faɗin tafi, a rufe da ƙasa a bi da ruwa. Idan kuma fure na zubewa alhali shukar lafiya take, duba zafi: tumatir kan kasa ɗaukar 'ya'ya idan rana ta haura digiri 32 zuwa 35. Wannan ma dalili ne na kada a makara da dashe.

Kwari da sanyin safiya ake kama su. Minti goma kullum, ina juya ganye ina duba bayansa, nan suke ɓuya. Darɓa, ƙananan kwarin nan masu taruwa a kan sabon toho suna sa ganye ya nannaɗe ya yi danƙo, ruwa mai ƙarfi na kakkaɓe su. In sun yi yawa, babban cokali ɗaya na ruwan sabulu marar turare a lita ɗaya ta ruwa, a fesa da yamma, bayan an gwada a ganye biyu an ga bai ƙone ba. Tsutsar kabeji da hannu nake tsince ta, in murje ƙwan. Man darbejiya ma na hana kwari da yawa ci da girma. A kan tumatir kuwa, in ka ga fararen taswira a cikin naman ganye kamar an kankare shi daga ciki, ka tsinke ganyen nan take ka ƙone ko ka binne da zurfi. Aikin tsutsar Tuta absoluta ke nan, wadda ta fito daga Kudancin Amurka ta shiga Sifen a 2006, daga nan ta bazu Turai da Afirka da Asiya, kuma tana iya share fangali cikin 'yan makonni. Ina guje wa maganin feshi mai kashe komai, domin yana haɗawa da ƙudan zuman da ke yi wa kokwamba da kabewa barbara, da 'yan jajayen ƙwaro masu ɗigo baƙi waɗanda darɓa ce abincinsu. In dole ta sa ka fesa, karanta takardar, ka kiyaye kwanakin da aka ce a jira kafin girbi.

Ciyawa kuwa tun tana kamar zare ake share ta da gefen fartanya, sama-sama, da rana, ta bushe a wurin.

Girbi da abin da ke biye

Alayyahu na isa yanka cikin mako uku zuwa biyar, kuma in ka yanke shi sama da gindi da faɗin tafi zai sake tohowa. Latas kwana 45 zuwa 60, amma tun kafin nan kana iya tsinkar ganyen waje ka bar zuciyar. Kada ka shuka su duka lokaci ɗaya, layi guda duk mako biyu ya fi, don kada su zo maka a tare su kuma ƙare a tare. Wake da kuɓewa sukan fara bayarwa wajen kwana 50 zuwa 60, karas 70 zuwa 80, tumatir 60 zuwa 85 daga ranar dashe. Kuɓewa duk kwana biyu ake tsinka, tana tsawon yatsa. In ka bar 'ya'ya suka ƙosa a jiki, uwar takan rage fure, haka ma wake da kokwamba.

Ina da wani ƙaramin littafi da nake rubuta ranar shuka, ranar tsiro, da abin da ya zauna a kowane fangali. Amfaninsa na fitowa baɗi, domin tumatir, tattasai, yalo da dankalin turawa dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya, kuma bai kamata su koma wuri ɗaya ba sai bayan shekara uku. In ka tuge tumatir ka ga jijiyarsa ta yi ƙulu-ƙulu kamar carbi, wasu tsutsotsi ne da ido ba ya gani, kuma alama ce ta a canza musu wuri. Ƙulun da ke jikin jijiyar wake daban ne, kanana ne da ke ɓallewa in ka murza, cikinsu ja-ja. Gidan wasu ƙwayoyin halitta ne da ke jawo naitirojin daga iska. Shi ya sa in wake ya gama ba na tuge shi, a gindi nake yankewa in bar jijiyar a ƙasa.

Idan zafi ya kankama za ka ga latas ya miƙe tsakiya ya yi tsini zai yi fure, ganyen ya yi ɗaci. Lokacinsa ya ƙare. Nakan bar ɗaya ya yi iri, in tuge sauran in kai tulin taki, in zuba taki kaurin yatsa biyu a wurin, in sa hannu in ji ɗumin ƙasar, sannan in shuka kuɓewar da na jiƙa tun jiya.